Cikon da Yaya Ya Yi Mana

Idan ka shigo layinmu yanzu ka tambayi Baba Caji, za a nuna maka wani dattijo siriri da ke bin jikin katanga, ba ya ɗaga kai ko an gaishe shi. Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Wanda ya san shi a da ba zai yarda shi ba ne, domin lokacin da yake ganiyarsa, in ya yi gyaran murya a bakin layi har na ƙarshen layi sun san ya taso daga aiki. Yanzu kuwa ni da ɗakina ke jikin nasa, sai na leƙa kafin in tabbatar yana ciki.

Sana'arsa batirin mota. Tun muna yara hannunsa ba ya zama wuri ɗaya, duk abin da ke da murfi sai ya buɗe ya ga cikinsa. Da mahaifinmu ya gaji da gyaran ɓarnarsa sai ya kai shi gareji. Can ma bai yarda ya kwanta ƙarƙashin mota ba, ya manne wa wani tsoho mai gyaran batir a lungun garejin, har ya gaje shi. Yana caji, yana ƙara ruwan batir, in kuma batir ya mutu murus sai ya fasa shi ya zaro farantan dalmar da ke ciki, ya narkar da su a tukunyar ƙarfe bisa gawayi, ya zuba sabbin kawunan batir. Da wannan aikin ya yi aure, ya yi jinyar matarsa har Allah ya karɓi abarsa, ya raini ɗansa guda, ya kuma ɗauko ni ya ba ni ɗaki lokacin da mijina ya rasu. Duk abin da zan faɗa a gaba, a riƙe wannan tukuna.

Amma fa Yaya akwai cika baki. Babban abin alfaharinsa shi ne ba ya zubar da komai. Kwankon batir da ya fasa yakan zama kwandon shara, ko kujerar zama, ko mazubin ƙusoshi. Na sha gaya masa cewa ranar da na mutu kada a bar shi kusa da ni, don zai ce akwai sauran abin amfani a ciki. Sai ya tuntsire da dariya ya ce, "Ke Barkono, ai harshenki kaɗai zan cire, ya ishe ni fasa batir." Barkono yake ce mini tun ina ƙarama, kuma ban taɓa ba shi dalilin ya sauya ba.

Abu ɗaya ne ya rasa yadda zai yi da shi. In ana narkar da dalma akwai dattin da ke tasowa a saman tukunya, masu sana'ar suna ce masa kashin dalma. Akwai kuma wata baƙar laka da ke kwance a ƙasan kowane mataccen batir, wadda in ta bushe sai ta koma gari mai launin toka. Waɗannan ba mai saye, shi kuma zuciyarsa ba ta ba shi ya zubar ba. Sai ya riƙa ɗura su a buhu yana jibgewa bayan shago, shekara da shekaru, yana cewa wata rana za su yi rana.

Kada a ɗauka mutum ne marar kula. Ba wanda ya kai shi tsoron ruwan batir. Rigunan aikinsa duk sun huhhuje kamar rariya, kuma a shago yake barin su. Ba ya shigowa gida sai ya wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu. Yaro kuwa ko bakin ƙofar shagonsa ya taka, sai ya ji tsawar da za ta sa ya manta abin da aka aike shi. A ilimin Yaya, guba ita ce abin da ke cin fata da tufa. Dalma kuwa ƙarfe ce mai sanyin hali, ba ta ƙuna, ba ta wari, ba ta tsatsa. Na sha ganinsa yana gatsa ta da haƙori a gaban mai saye don ya nuna masa laushinta.

Gidanmu gidan haya ne, ɗakuna kewaye da tsakar gida, famfo ɗaya, igiyar shanya ɗaya da ake faɗa a kanta kullum. Ɗan Yaya, wanda kowa ke ce wa Direba, yana ɗakin ƙarshe da matarsa. Layin namu a gangare yake, kuma ruwan sama ya sauya hali a 'yan shekarun nan. Da can yakan zo ya yi nasa a hankali ya wuce. Yanzu sai ya ɗauke har mutane su fara kallon sama, sannan ya zo ya juye na wata guda a yini ɗaya. Kwata ta toshe da leda, ruwa ya kwaso ƙazantar unguwa duka ya shigo mana da ita ta ƙofa. In ya tsaya, tsakar gida ta zama kududdufi, ya yi kore, sauro ya yi gida. Yaran gidan daga zazzaɓi sai gudawa, ƙafafunsu duk ƙuraje. Mai gidan hayar kuwa kullum yana hanya da motar ƙasa, har yau ba ta iso ba.

A irin wannan daminar ce jikar Yaya ta fara rarrafe, kuma babu inda uwar za ta ajiye ta. Kullum tana goye, tana zillo tana kuka. Wata safiya Yaya ya tsaya a ƙofar ɗakinsa, wando a naɗe, ya daɗe yana kallon ruwan da yarinyar. Sai ya buga cinya ya ce, "Na samo! Ashe ranarsu ce ta zo."

Ya ari baro ya shiga jigilar buhunan nan daga bayan shago. Ya cakuɗa garin da ƙasa, ya baza, ya yayyafa ruwa, ya daɓe da gungumen katako. Ya yi kwanaki yana wannan aikin shi kaɗai, gumi na zuba, yana waƙa. Da cikon ya bushe ya yi tauri kamar siminti, ya ɗaga tsakar gidan sama da bakin ƙofa. Ruwa na gaba da aka yi, muna zaune muna kallo ya zo ya leƙa ya wuce gidan maƙwabta. Matan gidan suka yi ta sa masa albarka. Ni ma har na ce masa Injiniya, sunan kuma ya so ya bi shi.

Abin da ya fi burge shi, ko ciyawa ba ta fitowa a kan cikon, ko tururuwa ba ta gini. Yakan kira baƙo ya nuna masa, ya ce, "Duba nan, ka taɓa ganin ƙasa mai tsabtar wannan? Ko ƙwaro ba ya kusantarta." Maƙwabta suka fara zuwa roƙo, shi kuma ba ya iya hanawa. Ya cike wa Mai Wanki, ya cike wa Tela, ya cike gidaje da dama a layin, har bayan shagonsa ya zama fili. Godiya kawai yake karɓa, kuma in ya karɓa sai ya zo gida ya maimaita mana ita kalma kalma.

A kan wannan cikon jikarsa ta yi rarrafe, a kansa ta miƙe. Yarinyar ta yi baki da wuri, kafin ma ta iya gudu sosai, shi ya sa aka sa mata Aku, uwar ta koma Maman Aku. Duk abin da aka faɗa a gidan sai ta mayar. Takan riƙe ƙugu ta kwaikwayi muryata ta ce, "Wa ya bar famfo a buɗe?" har masu hayar su faɗi don dariya. Ta haddace kiran kowane mai talla da ke wucewa. Yaya kuma Kaka Caji take ce masa, tun daga bakin layi take jiyo tarinsa ta fara sanar da gida. Shi kuwa sai ya ɗaga ta sama ya ce, "Wannan kaina ta ɗauko, ba na ubanta ba. Wannan sai ta yi karatun da ba mu yi ba."

Da rani ya shigo, saman cikon ya fara sakin gari. Maman Aku mace ce mai tsabta, kullum da safe sai ta share tsakar gidan tas, ƙura ta tashi ta sauka a kan kwanuka da shanya. Aku kuma can take wuni, tana kwasar garin a murfin gwangwani tana dafa wa 'yar tsanarta abinci, hannu daga ƙasa sai baki, kamar kowane yaro.

Abin bai zo da ƙarfi ba. Ta fara ƙin abinci, tana riƙe ciki tana kuka, sai ta yi kwanaki ba ta yi bayan gida ba. Muka ce haƙori ne. Ta yi fari, ta zama mai rigima, abu kaɗan ta faɗi tana birgima. Muka ce zafi ne. Sannan maganar ta fara raguwa. Aka daina jin muryata a bakinta, masu talla suka riƙa wucewa ba mai raka su. Wata rana Yaya ya shigo da yamma ya tsaya yana jiran sanarwa, ta ɗago ta dube shi ta mayar da kai.

Nan ne Yaya ya yi abin da har yanzu in ya tuna sai ya rufe fuska. Ya samu Maman Aku a bakin famfo, matan gida duk suna wurin, ya ɗaga wannan muryar tasa.

"Ke wace irin uwa ce? Yarinya tana lalacewa a gabanki kina kallo! Ina kike kai ta? Me kike ba ta?"

"Baba, ku yi haƙuri, wallahi ina kula," in ji ta, idonta a ƙasa.

"Kula? Na gan ki kin bar ta a bakin kwata ran nan. Ƙazantar waje ce take kwasowa. Daga yau kada ta sake taka waje. Ga tsakar gida nan na gyara muku da hannuna, babu wurin da ya kai shi tsabta a layin nan. Nan za ta zauna!"

Na ce, "Yaya, ya isa haka, a gaban mutane kake." Ya ce in rufe masa baki. Maman Aku ta ɗauki bokitinta ta shige ɗaki. Kuma ta bi umarninsa, don yarinya ce mai ladabi. Daga ranar Aku ba ta sake fita ba, a kan cikon take wuni.

Wata rana da azahar ina wanke-wanke na ji ihun Maman Aku. Aku na kwance a tsakar gida tana jijjiga, idanu sun juye, kumfa a baki. Direba ya yi tafiya da mota, sai Yaya aka kira daga shago. Shi ya sungume ta har asibiti, takalmi ƙafa ɗaya.

Da ta lafa aka ɗebi jininta. Bayan kwana biyu likitar ta kira mu ofishinta, ni da Yaya da Maman Aku. Mace ce mai magana a hankali. Ta ce sun sami dalma a jinin yarinyar, mai yawa ƙwarai, kuma ita ce ke taɓa mata ciki da ƙwaƙwalwa. Ta tambaya ko akwai mai aikin batir ko fenti ko narkar da ƙarfe a gidan.

Yaya ya gyara zama, har da ɗan murmushi, ya ce, "Ni ne nan, likita. Amma ki cire wannan daga ranki. Yarinyar nan ba ta taɓa taka shagona ba. Rigar aikina ba ta shiga gida. Tambayi kowa."

"Madalla, Baba," in ji likitar. "To a ina take wasa? Wace irin ƙasa ce a wurin?"

Ta juya ga uwar da tambayar. Na ga lokacin da abin ya faɗo wa Maman Aku, don hannunta ya tsaya cak a kan zanen da take murzawa. Ta buɗe baki, ta dubi gefen da surukinta yake, ta rufe. Sai ta ce a hankali, "A tsakar gida ne. Ƙasa ce kawai."

Wannan rufin asirin shi ya kashe Yaya. Da ta nuna shi da yatsa, wataƙila da ya sami bakin musu. Ya dube ta, ya dube ni, na ga murmushin yana bushewa a fuskarsa. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Muryar da ta fito ban taɓa jin ta a bakinsa ba.

"Ba ƙasa ba ce kawai, likita. Ni na yi cikon. Da kashin dalma na yi shi."

Likitar ba ta yi masa faɗa ba. Ta yi bayani cewa garin dalma ba ya ƙuna, ba ya ɗaci, amma jikin ƙaramin yaro yana shan sa fiye da na babba, kuma ya fi ɓarna a shekarun da ƙwaƙwalwa ke ginuwa. Ta ce akwai maganin da zai rage ta a jini, amma abin da ya riga ya taɓu ba lalle ya dawo duka ba. Yaya ya tambaya, "Maganar fa?" Ta ce sai an ga hali. Sannan ta tambaye shi ko gidanmu kaɗai ya cike. Ya girgiza kai.

Da muka fito bai shiga ɗakin da Aku take ba. Ya tsaya a bakin taga ya leƙa, hannuwansa a baya, sannan ya juya ya kama hanya. Na bi shi a baya har gida.

Ma'aikatan lafiya suka zo da wata na'ura da suke ɗorawa a ƙasa ta nuna musu abin da ke ciki. Suka ce dole a haƙe cikon duka, a ɗura a buhu su tafi da shi, a zuba ƙasa mai kyau. Suka ce a kai yaran gidajen a duba jininsu. Su ba su san gidajen ba, Yaya kaɗai ya sani, don haka shi ya shiga gaba yana ƙwanƙwasa ƙofofin da a da ake buɗe masa da murna. Na raka shi, don ba zan bar shi shi kaɗai ba, amma wallahi ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige. A kowace ƙofa sai ya cire hula ya faɗi magana ɗaya: "Cikon da na yi muku guba ne. Na zo in kwashe, ku kuma kai yara asibiti."

Wasu suka yi salati suka ba da hanya. Wata mata ta zage shi tas, har da iyayenmu da ke kabari, ya tsaya ya saurara har ta gama. Na yunƙura zan rama ya riƙe mini hannu ya ce, "Bar ta, Barkono, ɗanta take ji." Mai Wanki kuwa daina gaishe mu ya yi. An duba yara da yawa, an sami dalma a jinin wasu, amma ba wanda ya kai Aku, domin babu yaron da aka tsare a kan cikon kamar ita.

Ma'aikatan ba su da yawa, motarsu ma ba kullum take zuwa ba. Sai Yaya ya rufe shago ya ɗauki diga da shebur. Suka koya masa ya jiƙa wurin kafin ya haƙa, ya ɗaure hanci da baki, ya hana yara kusantowa. Abin da ya daɓe yana waƙa, shi ya dawo yana farfasawa shiru, gida bayan gida. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Tukunyar narkar da dalma kuwa bai sake ɗora ta a wuta ba.

Da aka sallami Aku, Direba bai dawo da su gidanmu ba, ya kai su wurin iyayen matarsa. Bai yi wa ubansa rashin kunya ba, ya dai zo ya kwashe kayansu yana kallon ƙasa. Ni nakan je in duba su. Yarinyar ta fara cin abinci, ta yi ɗan kumari, tana tafiya amma tana yawan tuntuɓe. In aka kira ta sai ta daɗe kafin ta waiwayo. Duk lokacin da na dawo, Yaya sai ya tare ni a ƙofa ya ce, "Ta ce wani abu?" Na ce masa ya je ya gani da idonsa mana. Ya ce, "Da wace fuskar?"

Aka gama kowane gida sai na Tela. Shi Tela a cikin gida yake ɗinki, kuma kafin cikon ruwa ya taɓa shigar masa ya lalata keken ɗinki da yadin mutane. Yana da ɗa namiji da aka daɗe ana jira, lokacin yana tsakar rarrafe. Ga hadari ya fara haɗuwa. Tela ya ce ba mai taɓa masa tsakar gida.

"Baba Caji, ka dubi yaron nan," in ji shi, ya ɗaga shi sama. "Ina ciwo a nan? Jiya ka ce mana magani ne, yau ka ce guba ne, gobe kuma me za ka ce? Ka kwashe, ruwa ya shigo, wa zai tsaya mini?"

"Zan zubo maka ƙasa mai kyau da hannuna," in ji Yaya.

"Wadda ruwa ɗaya zai wanke? Ko dai gaskiya ne da ake cewa dalma ta yi daraja, kana so ka kwashe abinka?"

Na ce, "Kai Tela, ka ji tsoron Allah! Mutumin da ya cike maka gida kyauta?" Yaya ya sake riƙe ni. Ya durƙusa a gaban Tela, wanda bai wuce sa'ar ɗansa ba, a tsakiyar layi, mutane na kallo. Tela ya kau da kai ya rufe ƙofa. Kullum da safe Yaya sai ya tura baro ya je ya zauna a ƙofar, yana jiyo yaron a ciki yana gwarancinsa yana buga ƙasa da tafin hannu. Da yamma ya dawo ya kasa cin abinci.

Da na je wurin Maman Aku na ba ta labari, ba don ta yi wani abu ba, don dai cikina ya cika. Ta saurara tana tsefe wa Aku kai.

Washegari da hantsi sai ga ta a layinmu, karo na farko tun ranar asibiti, Aku a goye. Mata suka fito ƙofa suna kallo. Ta wuce gidanmu ba ta shiga ba, ta nufi ƙofar Tela, inda Yaya ke zaune a kan baro. Da ya gan su ya miƙe zumbur, ya ja da baya har ya jingina da bango. Ta rusuna ta ce, "Baba, ina kwana." Ya sunkuyar da kai.

Ta ƙwanƙwasa. Tela ya buɗe, almakashi a hannu, matarsa a bayansa. Maman Aku ta sauke yarinyar ta tsayar da ita a gabansa.

"Ka san ta, ko?" ta ce. "Ita ce take zuwa ta zauna maka a kan yadi tana kwaikwayon ƙarar kekenka. Lokacin da take kamar ɗanka, ta fi shi ƙiba. Yi mata magana. Tambaye ta duk abin da kake so."

Tela ya yi dariyar yaƙe, ya sunkuya. "Aku! Aku mai baki! Ba ki gaishe ni ba?"

Yarinyar ta dube shi, yatsa a baki.

"Yaya keke yake yi? Yi mini in ji."

Shiru. Tela ya waiga yana neman abin da zai sauƙaƙa mata, sai ya nuna Yaya da almakashin.

"To wannan fa? Ai kin san wannan. Wane ne wannan?"

Aku ta juya ta ɗaga kai ta dubi kakanta. Ta daɗe tana kallonsa. Leɓɓanta suka motsa, babu abin da ya fito. Sai ta gaji ta kama zanen uwarta ta ɓoye fuska.

"Kada ka matsa mata," in ji Yaya, hawaye na bin gemunsa, bai share ba. "Ni zan faɗa maka. Wanda ya yi mata haka ne."

Matar Tela ce ta fara motsi. Ta koma ciki da gudu ta ɗauke ɗanta daga ƙasa, tana kakkaɓe masa hannuwa da bakin zanenta. Tela ya tsaya kamar an dasa shi, sannan ya buɗe ƙofar duka ya matsa gefe. Maman Aku ta sunkuya ta goya 'yarta, ta gyara majanyi, ta kama hanya ba ta waiwayo ba.

Yaya ya bi su da kallo har suka sha kwana. Sannan ya ɗaure hancinsa da ƙyalle, ya kama baro ya tura ciki, kansa a ƙasa.